Tun da aka sako Yaya ban sake barcin kirki ba

Maman Sadiya (2:47 na dare):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da shigowata a wannan tsohon dare, na ga wasunku ba su kwanta ba ne. Akwai abin da ke damuna, ko mahaifiyata na kasa faɗa mata. Bara da damina aka ɗauke yayana a hanyar gona. Kwanansa 41 a hannunsu, muka sayar da abin da muka sayar, Allah ya sa aka sako shi. Duk tsawon kwanakin nan ni ce mai riƙe wayar da suke kira. Ban yi kuka ba, ban kwanta ciwo ba, ni ce ma mai ba kowa haƙuri. Yanzu wata bakwai ke nan da dawowarsa, har ya koma harkokinsa, ni kuwa sai yanzu abin ya kama ni. Idan na kwanta barci kan ɗauke ni, amma wajen ƙarfe biyu ko uku sai in farka firgigit, gabana na dukan uku-uku, tafin hannuna sharkaf da gumi. Babur ya wuce ta bayan gida, sai in ji cikina ya ƙulle. Waya ta yi ƙara, jikina ya hau rawa. Da rana ina cikin aji ina koyarwa, yaro ya yi ɗan abin da bai kai ya kawo ba sai in daka masa tsawa, in koma gida ina jin zafin abin da na yi. An auna ni an ce ba ni da hawan jini. Ina salla, ina azkar. Don Allah me ke damuna?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya, ya tsare gaba. Ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a hannu ki shafe jikinki. In da hali a samu malamin kirki ya yi miki ruƙiyya, don irin wannan firgita da tsakar dare wani lokaci ba a rasa iska a ciki.

Abban Walid:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko da ɗaci. Wannan abin da ake kira ciwon damuwa yanzu ya yi yawa a bakin mutane. Iyayenmu sun ga yunwa sun ga fari, ba su san wani abu wai shi damuwa ba. Wanda ya yi tawakkali na gaske barcinsa yake yi. Ki ƙara ƙarfin imani kawai.

Ummu Hanif:
Haba Abban Walid. Mace ta buɗe cikinta ta faɗi abin da ta kasa faɗa wa uwar da ta haife ta, abin da za ka fara ce mata ke nan?

Sista Rabi:
Maman Sadiya, aikin dare nake yi, sai yanzu na samu na zauna. Sau biyu na karanta saƙonki. Abin da kika lissafa na sha jin sa a bakin mutane, kuma yana da bayani.

A jikinmu akwai jijiyoyin da ke aiki ba tare da mun umarce su ba. Su ke kula da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci da zufa, kuma kashi biyu ne. Na farko na gaggawa ne. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta tayar da shi, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar ciki ya koma cinyoyi da damatsa, baki ya bushe, hannu ya jiƙe. Ƙullewar cikin da kike ji daga nan take. Jiki ne ke shirin gudu ko kare kai. Kashi na biyu shi ne mai saukarwa, yana rage gudun zuciya, ya dawo da yunwa da barci. Babbar jijiyarsa ita ake kira bagus, daga gindin ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta wuya, ta sauka zuciya da huhu da hanji.

Kwana 41 kina riƙe da wayar nan. Duk kwanakin nan kashi na farko yana tsaye kamar mai gadin da aka ce kada ya runtsa. Shi ya riƙe ki har kika iya magana da mutanen nan ba ki zube ba. Yaya ya dawo, an yi barka an watse, amma mai gadin ba wanda ya je ya ce masa an gama, je ka kwanta. Hankalinki ya san an gama, jikinki bai samu labari ba. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake. Ƙarar babur ita ce tsummanki.

Farkawar ƙarfe uku ma tana da dalili. Barcin farkon dare ya fi nauyi, daga baya sai ya yi ta raguwa. Akwai kuma wani sinadarin, kotisol, wanda yake ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya fara hawa kafin asuba don shirya mutum ya tashi. Mai lafiya zai ɗan motsa ya gyara kwanciya bai ma sani ba. Wanda jikinsa ke kan tsaro kuwa sai ya farka gaba ɗaya.

Maman Sadiya:
Sista, wallahi ina karantawa hawaye na zuba. Na ɗauka haukacewa zan yi.

Sista Rabi:
Ba hauka ba ne ko kusa. Bari in ba ki abin da za ki gwada yanzu kina zaune. Ɗora hannu ɗaya a ciki. Ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki bari cikin ya taso da hannun, kada kafaɗa ta ɗaga. Sai ki sake shi sannu ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, kina ƙirga shida. Fitarwar ce mai muhimmanci, ta fi shaƙar tsawo. Yi haka na minti biyar. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan kuwa zai sauko da ke wajen sau shida. Idan kin ji jiri, kin cika ja da ƙarfi ne, ki sassauta.

Dalilinsa: duk sanda muka shaƙi iska zuciya kan ɗan ƙara sauri, idan muka fitar sai jijiyar bagus ta ɗan ja mata linzami. Ki sa yatsu biyu a wuyan hannun Sadiya tana barci, za ki ji bugun yana ɗan sauri yana ɗan lafawa tare da numfashinta, a yara ya fi fitowa fili. Ba mu da ikon ce wa zuciya ki rage gudu, amma numfashi yana hannunmu, ta nan ake shiga.

Malam Habibu (bayan asuba):
Na tashi na tarar da wannan magana, ba zan iya wucewa ba. Abban Walid, ƙanena, ka yi haƙuri, maganarka tana buƙatar gyara. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Mahaifiyar Annabi Musa da ta sa jaririnta a kogi, Allah ya ce zuciyarta ta wayi gari wayam, har ta kusa tona asirin da ba don ya ɗaure mata zuciya ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Manzon Allah (SAW) da kansa yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Da abin ba ya samun mumini, me zai sa a koya mana addu'arsa?

Iyayenmu da ka ambata kuwa, sun san shi sarai. Wa bai taɓa jin an ce baƙin ciki ya kwantar da wane ba, ko wance ta rame tun rasuwar ɗanta? Suna ne kawai ba su ba shi irin na asibiti ba.

'Yar'uwa Maman Sadiya, ki riƙe abin da Hajiya ta ce, ki kuma riƙe abin da Sista ta ce, ba sa karo da juna. Na ƙara miki da tasbihin Nana Faɗima. Ta je neman mai taya ta aiki saboda dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, sai mahaifinta ya koya mata da mijinta cewa idan za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Ki yi shi a natse, kada ki yi ta jan carbi kamar ana korar ki.

Abban Walid:
Na karɓi gyara, Malam. Maman Sadiya ki yafe mini, harshena ya yi kaifi. Amma ina da tambaya ta gaskiya. Wannan zama a ƙirga numfashi, ba shi ne abin da mabiya wasu addinai na Indiya ke yi a bautarsu ba? Ina tsoron mu shigo da abin da ba namu ba.

Malam Habibu:
Tambaya ce mai kyau. Idan mutum ya ɗauki lafuzzan bautarsu ko aƙidarsu, wannan magana ce daban. Amma sassauta numfashi don zuciya ta lafa magani ne, hukuncinsa hukuncin magani. Ai a hadisi an umarci wanda ya fusata, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka ga an bi ta jiki ne don a kai ga zuciya. Kuma wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai a haɗe, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da yadda ake magance su. Abin ba baƙo ba ne a gidanmu.

Kabiru Ɗalibi:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ma in ɗan sa baki, don wannan shi muke karantawa a makaranta. Abban Walid, kai da kanka kana yin wannan numfashin ba ka sani ba. Ajiyar zuciya ce. Ka lura da yaro idan ya sha kuka ya gaji, yadda yake jan numfashi sau biyu a jere, ɗaya babba ɗaya ƙarami a kansa, sannan ya sauke doguwar ajiyar zuciya, daga nan sai jikinsa ya yi laushi a bayan uwarsa barci ya kwashe shi. Ba wanda ya koya masa. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum sama da 100. Wasu aka sa su yin irin wannan ajiyar zuciyar da gangan, minti biyar kullum har kusan wata guda: shaƙa ta hanci, ƙara shaƙa kaɗan a kai, sannan doguwar fitarwa ta baki. Su ne suka fi samun sauƙin rai, kuma numfashinsu ya ƙara natsuwa. Gwajin ƙarami ne, amma ya dace da abin da kowace uwa ta sani.

Ita jijiyar bagus kuma, tun 1921 wani masani, Otto Loewi, ya nuna aikinta da zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar ta farko, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa ta biyun, ita ma ta rage gudu. Ta haka aka gane cewa wani sinadari ne jijiyar ke saki. Har kyautar Nobel ya samu a 1936.

Baban Khalifa:
Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, shekara 19. Nawa rashin barcin da hannuna na saye shi. Goro a baki tun safe, shayi mai kauri a kowace tasha, ga lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da yaran mota suka koya mini. In na dawo gida na kwanta, jiki a gajiye liƙis, ido kuwa ƙyam kamar na mujiya, ƙirjina na bugawa har ina jin sa a kunne. Wani likita ne ya tambaye ni goro nawa nake ci a rana. Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce to ƙirga. Da na ƙirga sai na ji tsoro. Yanzu daga azahar na rufe, sai gobe. Satin farko na sha ciwon kai, amma barci ya dawo.

Sista Rabi:
Baban Khalifa ka taɓo babban wuri. Goro, shayi, kofi, lemon ƙara kuzari, duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, kafeyin. Tun safe akwai wani abu da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutum jin barci da dare, kafeyin kuwa toshe masa hanya yake. Kuma ba ya saurin fita, wajen awa biyar ake yi kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha da la'asar, da sauransa a jini lokacin kwanciya. Maman Sadiya, kina shan shayi da yamma?

Maman Sadiya:
Kofi biyu bayan magariba, mai ganye biyu. Shi nake sha in samu ƙarfin duba littattafan yara.

Isufu na Maraɗi:
Mu nan ataya ce matsalarmu. Bayan isha'i ake hura gawayi a fada, a sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, hira ta kai ƙarfe ɗaya. Asuba kuma ba ta jiran kowa. Sai ka ga saurayi da rana yana ta hamma yana faɗa da kowa. Ni ban bar fada ba, don zaman da abokai shi ma yana sauke mini nauyin rai, amma na ce a riƙa dafa mini citta da kanumfari ba ganye.

Malam Habibu:
Isufu, ai ya tabbata cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Babban mutum na buƙatar aƙalla awa bakwai. Mai tashi ƙarfe biyar don asuba, ka lissafa da kanka ƙarfe nawa ya kamata ya kwanta. In an samu ƙailula da rana a yi, amma gajeriya.

Ummu Hanif:
Ni gargaɗi zan yi, don na ɗanɗana. Bayan rasuwar mijina na yi wata biyu ba barci. Wata maƙwabciya ta ce in je kemis a ba ni 'yar ƙwayar barci, diyazefam. Mai kemis bai tambaye ni takardar likita ba, ya ƙirgo ya ba ni. Daren farko na yi barci kamar an ɗauke mini dutse daga ka. Bayan sati uku guda ɗaya ta daina yi mini, na koma biyu. Ranar da ta ƙare ban samu sayowa ba, jikina ya yi ta karkarwa, fargabar ta dawo ta ninka ta da. Sai da likita ya yi ta rage mini kaɗan-kaɗan tsawon watanni kafin na rabu da ita. Ya ce da na yanke ta lokaci ɗaya har farfaɗiya tana iya kawowa. Mata da yawa da kuke jin sun faɗa shan kodin, ba iskanci ne ya kai su ba, barci suke nema da mantuwa. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma abin da ke kai mutane gare shi yana nan. Maman Sadiya, don girman Allah kada ki karɓi ƙwayar barci a hannun kowa sai likita.

Auta:
Anti Sista, ni dannau ke damuna. Ina farkawa in ji an danne mini ƙirji, ina ji ina gani amma ko yatsa ba na iya ɗagawa, wani lokaci har in ga kamar mutum a bakin ƙofa. Kakata ta ce aljani ne. Lokacin jarrabawa ya fi zuwa.

Sista Rabi:
Auta, kin ba kanki amsa da kika ce lokacin jarrabawa. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa kan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai ki tsinci kanki a farke jiki bai saku ba, ga guntun mafarki bai gama washewa ba. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ba ya kisa. Ki yi addu'arki, ki kwanta ta gefe, ki daina raba dare kina karatu.

Garba Mai Shago:
Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Duk wannan numfashi da ake ta faɗa, zai biya mini bashin da ke kaina? Zai sauko da farashin buhun masara? Zai hana ɓarayin daji zuwa? Matar nan ba banza take tsoro ba, abin da ya faru yana iya sake faruwa. Ni ina ganin ana so a lallashe mu ne mu yi shiru, alhali abin da ke hana mu barci yana waje, ba a cikin jijiya yake ba.

Ummu Hanif:
Malam Garba, akwai gaskiya a maganarka, ban musa ba.

Sista Rabi:
Ni ma ban musa ba, Malam Garba. Numfashi ba ya biyan bashi, kuma duk wanda ya ce wa mutumin da ke kwana cikin tsoron harbi wai ya sassauta numfashi shi ke nan, bai yi masa adalci ba. Tsaro haƙƙinmu ne a kan shugabanni, kuma ba za mu daina nema ba. Amma ka duba, ƙarfe uku na dare ba ka da wanda za ka biya, ba kasuwar da ke ci. Abin da kawai ke faruwa a lokacin shi ne jikinka na ƙonewa a banza. Gari ya waye ka fita shago da kai mai nauyi, ka yi kuskuren lissafi, ka yi faɗa da mai sayayya, ka dawo ka huce a kan iyali. Shekara da shekaru a haka, ga hawan jini nan na jira. Bashin yana nan, kai kuma ka ragu. Ina so ne ka samu barcin da za ka tashi da ƙarfin fuskantar bashin.

Wani abu da ke taimaka wa masu irin lissafinka: bayan magariba ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke cin ranka, kowanne ka sa abu ɗaya da za ka yi a kansa gobe, ka ninke ka ajiye a aljihun rigar da za ka sa. In tunanin ya zo da dare ka ce masa an rubuta ka.

Garba Mai Shago:
To, na ji wannan. Littafin bashi dai ina da shi, sai in ƙara shafi. Amma ina nan kan bakana, gyaran na sama ne.

Hajiya Inna:
Ni tsohuwa ce, ban san sunayen jijiyoyin nan ba. Amma mu da, in mace ta firgita, ruwan randa ake ba ta ta sha, a shafa mata a fuska, wata babba ta zauna kusa da ita tana shafa bayanta har ta dawo daidai. Kuma ba a barin mai takaba ko mai jego ta kwana ita kaɗai. Yanzu kowa ya shige ɗaki da waya.

Kabiru Ɗalibi:
Hajiya, abin da kuke yi yana cikin littattafanmu. Ruwan sanyi a fuska, musamman goshi da kewayen ido, yana sa jijiyar bagus ta rage bugun zuciya. Sai dai mai ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya tsoma fuska a ruwa mai ƙanƙara. Ita kuma wayar da kuka ambata, haske da dare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Abin da ake kallo a cikinta ma ya fi hasken illa. Mutum ya kalli bidiyon gawarwaki ƙarfe sha ɗaya, sannan ya ce barci ya zo?

Maman Sadiya:
Kabiru kamar kana ganina. Kullum sai na bi labaran hare-hare kafin in kwanta, wai don in san ko sun matso kusa da garinmu.

Sista Rabi:
To ki mayar da duba labarai da safe. In wani abu ya taso da dare, maƙwabta za su riga waya sanar da ke. Sauran abin da zan ce: ki tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, ki fita hasken safe, ki ɗan taka da ƙafa. Zafin nan ma yana hana barci, don sai jiki ya ɗan huce yake samuwa, saboda haka ki watsa ruwa kafin ki kwanta. In kin farka kin kai kamar minti 20 barci bai dawo ba, kada ki yi ta juyi kina duba agogo. Tashi ki zauna a tabarma cikin duhu-duhu, ki yi numfashinki da tasbihinki, sai kin ji ido ya yi nauyi ki koma. Ana so jiki ya daina haɗa gado da fargaba. Numfashin kuma ki riƙa yin sa da rana lokacin da kike lafiya lau, safe da yamma, don ranar buƙata ya zo miki da sauƙi.

Amma ki saurare ni da kyau a nan. Wata bakwai ya yi yawa a ce dabarun gida kaɗai. Firgita bayan mummunan abu idan ta wuce wata guda tana hana mutum sukuni, ta kai a ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai magani ta hanyar zama a yi magana da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyin da ba irin na Ummu Hanif ba. A kuma duba jininki, don ƙarancin jini yana kawo bugun zuciya, haka ma halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo idan aikinta ya yi yawa. Ga kowa kuma: ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, numfashi na sarƙewa, ko suma, wannan asibiti ne nan take, ba zaman ƙirga numfashi ba. Wanda kuma ya fara jin gara ya mutu ya huta, ya faɗa wa wani a yau ɗin nan.

Maman Sadiya:
Sista, asibitin ƙwaƙwalwa fa? In aka gan ni a can an gama da ni a unguwa. Ga 'ya'ya mata ina da su.

Ummu Hanif:
Na san wannan tsoron, ni ma da niƙabi na fara zuwa. Da na shiga layin sai ga malaman makaranta, ga 'yan kasuwa, ga wani dattijo da carbinsa, kowa zaune lafiya yana jiran a kira shi. Ba sai kin je Dawanau ko Barnawa ko Kware ba in sunan ne ke ba ki tsoro. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen, ƙofa ɗaya kowa ke shiga, ba wanda ya san wurin wa kika zo. Kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta hana a wulaƙanta mutum ko a nuna masa bambanci saboda wannan lalura.

Maman Sadiya (bayan kwana 16):
Assalamu alaikum. Na ce bari in dawo in ba ku labari, don kun tsaya mini. Na bar shayin dare, wayar kuma a falo take kwana, maigidan ya ce in an kira shi zai ɗauka. Numfashin ina yi bayan asuba da bayan la'asar. Har yanzu ina farkawa, amma a kwana 16 ɗin nan sau biyar na kai asuba ban farka ba, kuma in na farka ba na daɗewa kamar da. Shekaranjiya babur ya tsaya daidai tagarmu, cikina ya ƙulle, na ɗora hannu na yi ta fitar da numfashi, kafin in gama tasbihi ya sake ni. Ƙarar waya ce dai har yanzu ba ta bar ni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na samu ƙarfin hali na je na faɗa wa Yaya. Ina cikin magana sai na ga ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta ce, tun da ya dawo bai taɓa kwana a gado ba. A zaune yake kwana, jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa, takalmansa a ƙafa. Wata bakwai muna gaisawa kullum, kowa na ce wa ɗan'uwansa lafiya lau.

Mun yanke shawara ranar Talata za mu je asibiti tare. Sista, me ya kamata mu riƙe?

Sista Rabi:
Alhamdu lillahi. Ku riƙe duk wani magani da ɗayanku ke sha, har na gargajiya, da takardar awon da aka yi miki. Daga yau zuwa Talata ki rubuta lokacin da kowannenku ya kwanta da lokacin da ya farka. Ku tafi da matar Yaya, don ita ta ga abin da shi ba zai iya faɗa ba. Ku yi sammako, layin yankar kati yana da tsawo.